Mata uku da goge da fiyano da murya, ba ganga ba liƙi, wai da me suke ci ne?

Ummin_Saksoni

Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah tambaya gare ni amma sai kun yi haƙuri da surutuna don sai na faro daga tushe.

Ni koyon aikin jinya nake a wani ɗan ƙaramin gari a jihar Saksoni nan Jamus, tsakaninmu da Leipzig bai kai awa ɗaya a jirgin ƙasa ba. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyata da nake taya ta hawa da kayan cefane don benenmu ba lifta, to ranar Asabar ɗin da ta wuce sai ga ta da tikiti biyu wai jikarta ta fasa zuwa, in zo in raka ta kallon kiɗa. Ni da na ji kiɗa na ɗauka irin wanda ake ƙure sifika ne ana tsalle-tsalle, har na fara neman ƙaryar da zan yi in zame, sai na ga idonta na kasa. Ashe a ɗakin taro na Rathaus ne, wato sakatariyar garin, kujeru a jere kamar za a yi lacca, mu wajen saba'in kuma fiye da rabi duk furfura ce.

Can sai ga mata uku sun fito cikin dogayen riguna, ɗaya ta zauna gaban fiyano, ɗaya riƙe da gogen nan na Turawa bayolin, ta ukun hannunta ba komai ashe ita ce mai waƙar. Ba makirufo ba ganga ba 'yan amshi ba sanƙira, ko sannunku da zuwa ba su ce ba sun ɗan rusuna kawai suka fara. Wallahi da matar nan ta buɗe baki sai da tsigar jikina ta tashi, muna can layin baya amma kamar a kunnena take, kuma ni da nake taƙamar na ci jarrabawar harshen Jamusanci ta matakin B2 ko kalma biyar ban tsinta ba a cikin Jamusancin nata. Daga baya ta fita ta bar mai goge da mai fiyano suka yi wani kiɗa mai tsawo, suka kai wani waje suka tsaya cak, ni kuma abin ya yi min daɗi na dage na tafa raf raf raf. Ni kaɗai. Ɗakin nan tsit, wani tsoho ya waiwayo ya kalle ni ta saman tabarau, tsohuwata ta dafa min gwiwa a hankali. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari da asuba zan tafi aiki sai na gan su a tasha su ukun, an cire dogayen riguna an sa jins da rigar sanyi, mai gogen ta goya akwatin gogenta a baya kamar jariri suna cin burodi a tsaye suna jiran jirgi. A bayan takardar da aka raba mana an jera garuruwa tara da za su bi cikin sati biyu, duk irin namu ƙanana. Tikitin yuro 15 ne, na yi lissafi mutum 70 bai fi dubu ɗaya da 'yan kai ba, a raba uku a cire kuɗin jirgi da otal da abinci, me ya rage?

To don Allah wanda ya sani, me na yi ba daidai ba da na tafa ai su suka tsaya. Sannan me ya sa su uku kacal kuma duk mata, al'ada ce ko haɗuwa ce kawai. Wanda ya fi tsaya min a rai kuma, da me bayin Allahn nan suke ci?

Sadiq_KD

Hhhhh Ummi kin ba da mu a ƙasar mutane. Ai da guɗa kika rangaɗa musu a yi ta ta ƙare. Ni kam kiɗan da ba a rausayawa ba a liƙi kowa ya yi zuru, ai zaman makoki ne aka sa wa tikiti

Danladi_Fiyano

Ƙanwata kwantar da hankalinki, ba wanda bai taɓa yin wannan tafin ba. Ni nawa a Legas na yi shi farkon zuwana karatu a makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan, ni da tun ina yaro nake danna ogan a coci ina ganin ba abin da ban sani ba.

Abin da kika ji ana kiransa sonata, kiɗa ɗaya ne amma an yanka shi zango-zango, yawanci uku ko huɗu, wani da sauri wani a hankali. Tsayawar da suka yi ba gamawa ba ce, numfashi suke saukewa kafin zango na gaba, shi ya sa ake barin shirun don kar a katse musu zare. Dabarar ita ce ki duba takardar nan da aka ba ki, za ki ga sunan kiɗan a sama sannan a ƙarƙashinsa wasu kalmomin Italiyanci a jere irin su Allegro, Adagio, to ki ƙirga su, in huɗu ne sai an tsaya sau huɗu ake tafi. In kin ɓata a lissafi ki kalli mai gogen, in ta sauke shi daga ƙarƙashin haɓarta ta saki kafaɗa mai fiyano kuma ta mai da hannu kan cinya to an gama. Haka waƙoƙin ma, in an jera uku ko huɗu na mutum ɗaya sai a jira ta ƙarshe. Amma bari in ba ki abin da za ki rama da shi wajen tsohon mai tabarau, wannan dokar ta shiru ba ta da wani tsufa can. A 1778 shahararren marubucin kiɗan nan Mozart ya rubuta wa babansa wasiƙa daga Paris yana murna don mutane sun ɓarke da tafi ana tsakiyar kiɗansa, ba ma a wajen tsayawa ba. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 aka koma wannan zaman na nutsuwa. Kin ga ke ce ma a kan tsohuwar al'ada.

Batun su uku kuma lissafi ne. Murya nama ce tana gajiya, mai waƙa ba makirufo da cikinta da haƙarƙarinta take tura sautin nan har layin baya, shekaru ake yi ana koyon numfashin kaɗai, ba za ta iya awa ɗaya da rabi tana yi ba hutawa ba kuma gobe a sake a wani gari. Shi ya sa ake karɓa-karɓa, ta yi waƙa da fiyano, ta fita mai goge ta karɓa, sai su haɗu su ukun, da mutum uku an samu kala uku na kiɗa ba wanda ya ƙosa. Wadda ba ta hutawa ko minti ɗaya ita ce mai fiyano kuma ita ce ba a cika kallo ba, ni abin nan yana min ciwo don sana'ata ce. Ga shi ita kaɗai ce ba ta tafiya da kayan aikinta, babban fiyano na dandali ya kusa rabin tan, tsirkiyarsa ta ƙarfe sama da 200, wa zai sa wannan a jirgin ƙasa. Duk garin da suka sauka abin da ta tarar shi za ta danna, yau mai taushi gobe wanda rabonsa da mai gyara tun bara, kamar direban da kullum ake miƙa masa makullin motar da bai taɓa hawa ba a ce ya kama hanya da fasinja. Kin lura kafin su fara ta danna wa mai goge sauti ɗaya ita kuma tana murɗa kunnuwan gogen? Saiti take yi da fiyanon garinku don shi ba ya lanƙwasuwa sai dai a bi shi.

Wani abu kuma, haɗin da aka fi sabawa da shi na mutum uku shi ne fiyano da bayolin da celo, wancan babban gogen da ake zaunawa a sa shi tsakanin gwiwoyi. Wanda aka rubuta musamman don murya da bayolin da fiyano ba shi da yawa sosai, don haka irin waɗannan matan sau da yawa su suke zama su gyara kiɗan da aka yi wa babbar okestira, wato tawagar makaɗa masu yawa, ya dawo daidai hannun mutum uku.

Me ya sa duk mata, wannan akwai tarihi. Manyan okestira da ke biyan albashi duk wata sun daɗe ba sa ɗaukar mata, ta Berlin sai 1982 ta ɗauki mace ta farko kuma mai bayolin ce, ta Vienna kuwa sai 1997 ta yarda mace ta zama cikakkiyar mamba, jiya-jiyan nan fa. To macen da ta ƙware ina za ta, ko dai ta koyar da 'ya'yan masu kuɗi a falo ko ta haɗa 'yar tawagarta ta shiga gari-gari. Tunda kina kusa da Leipzig ki nemi labarin Clara Schumann mai fiyano, a nan aka haife ta 1819, tana shekara 9 ta hau dandalin Gewandhaus, babban ɗakin kiɗan garin, ta haifi 'ya'ya takwas, mijinta Robert ya rasu 1856 bayan doguwar jinya, da yawon kiɗan nan ta riƙe gidan tana zuwa Ingila tana dawowa shekara da shekaru, ba ta sauka daga dandali ba sai 1891. Kafin yuro hotonta ne a jikin takardar mak 100, ki tambayi tsohuwarki za ta tuna. Akwai kuma Wilma Neruda mai bayolin 'yar garin Brno, lokacin da ake ganin bai dace mace ta saƙala goge a wuya ba, tun tana ƙarama take yawo da 'yan'uwanta yayarta na mata fiyano, daga baya har Ostireliya ta je a 1890 da Afirka ta Kudu a 1895, a jirgin ruwa fa.

Ghali_Agadas

Salamu alaikum. Malam Danladi na ji daɗin bayaninka amma wanga zance na cewa goge bai dace da mace ba dariya ya ba ni, don wajenmu akasin haka ne. Buzaye suna da nasu gogen ana ce mishi imzad, rabin ƙwarya ce a rufe ta da fata a ɗaura tsirkiya guda ta izgar doki, kuma mata ne kaɗai ke kaɗa shi, namiji in ya ɗauka abin kunya ne. Mace za ta zauna ta aza shi bisa gwiwa tana ja, maza na kewaye suna rera waƙa ko su yi ta wani ɗan gurnani a maƙoshi suna raka ta, kuma nan ma ba a hayaniya, wanda ya cika surutu wajen imzad ana ganin bai da kunya. Don haka zaman shirun da 'yar'uwa ta gani ni bai ba ni mamaki ba, Sadiq ne dai bai taɓa zama cikin hamada da dare ba hhh. A 2013 UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya da sunan Aljeriya da Mali da Nijar don masu yin shi sun yi ƙaranci, galibi tsofaffi suka rage.

Abin da ni ke so in tambaya, shi bakan da suke jan bayolin ɗin da shi, shi ma izga ce ko roba?

Danladi_Fiyano

Izgar doki ce Malam Ghali har gobe, kuma ƙaro suke goga mata don ta kama tsirkiya kamar dai yadda masu gogenmu ke yi. Bambancin nasu tsirkiya huɗu ne. Na gode da labarin imzad wallahi ban san maza ba sa taɓawa ba.

Abu_Hafsat

'Yar'uwa ni dai nasiha ce, a riƙa kula da wuraren da ake zuwa a ƙasar mutane, karatu ya kai ki.

Ummin_Saksoni

Na gode Malam Allah ya saka da alheri, rakiyar maƙwabciya ce kuma ƙarfe tara muna gida.

Anti_Rabi_Hamburg

Ummi 'yata sannu da ƙoƙari, shekarata 19 a ƙasar nan bari in amsa miki ta ukun tunda maza sun tafi tarihi sun bar maganar tuwo. Autata tana koyon bayolin wajen wata mata irin waɗannan da kika gani, mun saba har gidanmu take zuwa cin shinkafa, don haka abin da zan faɗa a bakin mai shi na ji.

Da farko Malam Danladi ka yi haƙuri, abin da ka faɗa gaskiya ne amma na da ne. Matan yanzu ba hana su shiga okestira aka yi ba, ka je kowace za ka ga ɓangaren bayolin cike da mata. Matsalar kujerun ne kaɗan, makarantun kiɗa na yaye ƙwararru duk shekara har da masu zuwa daga Koriya da Japan da China da Rasha, kujera ɗaya in ta faɗi sai ka ga mutane rututu a kanta kuma wanda ya samu ba ya tashi sai fansho. Ita mai waƙa da mai fiyano ma ba su da kujera a okestira tun asali. Su uku mata kuma sau da yawa ba wata manufa ba ce, ƙawaye ne tun makaranta, ɗaki ɗaya suka zauna sun san halin juna, kuma in za ki yi sati biyu kina kwana kina tashi da mutum a jirgi ai gara wadda za ku iya raba ɗakin otal ɗaya a rage kuɗi.

Lissafinki na tikiti kuma ba haka ake yi ba. Galibi ba kuɗin ƙofa suke ɗauka ba, akwai ƙungiyar raya al'adu ta garin ko ofishin al'adu na ƙaramar hukuma, su ke gayyato su a yi yarjejeniya a rubuce a kan kuɗi kaza tun watanni kafin ranar wani lokaci har shekara, ko mutum goma ne suka zo sai an biya su. Tikitin yuro 15 ɗin nan ba ya rufe kuɗin, gwamnatin gari da bankin ajiya na yankin da 'yan ƙungiya ke cikawa, duba ƙasan takardarki za ki ga tambarinsu. Wani wajen kuma musamman a coci shiga kyauta ne sai a ajiye kwando a bakin ƙofa kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, to wannan shi ne liƙinsu Sadiq, sai dai ba a manna wa mutum a goshi. Ni na taso ina ganin su marigayiya Barmani Choge a gidan biki da ƙwaryarsu, ita samunta yana hannun matan da ke wajen a daren nan, in ta zuga Hajiya ta ji daɗi a yi ruwan kuɗi in ba a ji ba shi ke nan. Waɗannan kuwa tun kafin su baro gida sun san ko nawa ne, ba ya ƙaruwa ko da sun sa ɗakin kuka. Abin da ake ƙara musu furanni ne, wanda gobe da asuba ba su san inda za su sa shi a jirgi ba.

Amma gaskiyar magana yawon nan shi kaɗai ba ya riƙe mutum. Malamar 'yata Litinin zuwa Alhamis koyarwa take yi yara na ja mata goge kamar ana yanka akuya tana murmushi, ƙarshen sati ta yi kiɗan ɗaurin aure ko na jana'iza, in wata okestira wani ya yi rashin lafiya a kira ta ta cike gurbi, yawon gari-garin shi ne wanda ranta ke so amma shi ya fi ƙarancin kuɗi in aka lissafa kwanakin da suka ɓata suna gwaji ba mai biyansu. Otal ma ba kullum ba, sau da yawa a gidan wani ɗan ƙungiyar ake sauke su. Abin da ke taimakonsu a ƙasar nan akwai wata hukuma Künstlersozialkasse tun 1983, mai zaman kansa a harkar kiɗa ko zane ko rubutu in ya shiga ana biya masa kusan rabin kuɗin inshorar lafiya da fansho kamar yana da uban gida. Ke da kike harkar asibiti kin san abin da inshora ke ci a nan, ba don wannan ba da yawa da sun ajiye gogen.

Sannan kin lura duk marubutan kiɗan da ke takardar sun daɗe da mutuwa? Ban ce shi ne kaɗai dalili ba, tsofaffin nan abin da suka saba ji suke so, amma akwai kuɗi a ciki, in marubucin kiɗa ya shekara 70 da rasuwa ba a biyan GEMA, ƙungiyar da ke karɓar kuɗin haƙƙin mallakar kiɗa, komai a kan aikinsa, in na mai rai ne ko wanda bai daɗe ba sai mai shirya taro ya biya.

In kin sake zuwa kar ki yi saurin tashi in an gama, a ci gaba da tafi za su fita su dawo su fita su dawo sai su ƙara ɗan guntu, Zugabe suke ce masa, gyara ke nan irin ta mai awo. A nan ne za ki tafa son ranki ba mai kallonki.

Danladi_Fiyano

Anti Rabi na sallama, ni a littafi na karanta ke kuma kin ci shinkafa da mai abin. Maganar gwajin da ba a biya kuwa har nan gida haka take, a kira ka kiɗan awa ɗaya a manta ka yi sati uku kana shiri.

Ummin_Saksoni

Kai na gode ƙwarai wallahi, Anti Allah ya raya auta. Yanzu na dawo daga aiki na zaro takardar a aljihun rigar sanyi duk ta cukurkuɗe, Yaya Danladi na ƙirga kalmomin Italiyancin huɗu ne cif, ni kuma a na farko na saki tafi. Tambarin bankin ma ga shi nan a ƙasa yadda Anti ta ce. Gyaran ma sun yi mana ashe, ni na ɗauka mantuwa suka yi suka dawo.

Na leƙa wajen tsohuwata na tambaye ta matar da ke jikin mak 100, ta tashi ta buɗe wata tsohuwar gwangwanin biskit ta zaro min guda ɗaya shuɗiya da ta ajiye ba ta canza ba, ta ce ita ma ta yi fiyano tana yarinya yatsun ne yanzu suka ƙi. Sai ga shi ta sayi faifan CD ɗin matan a teburin bakin ƙofa ban ma lura ba, ta ba ni aro wai in saurara in dawo mata da shi ran Juma'a, ni kuma ko abin da zan sa shi a ciki ba ni da shi, laftof ɗina ba ta da wajen. Akwai wanda ya san ko ɗakin karatu na gari suna ba da aron na'urar?